Yadda Yaƙin Iraƙi Ya Tilasta wa Sojojin Amurka Buɗe Akwatunan Sirrinsu

A ranar 13 ga Disamba 2003 sojojin Amurka suka zaro Saddam Husaini daga wani rami kusa da Tikrit. Irin aikin da aka kai rundunar musamman ta JSOC Iraƙi ta yi ke nan: farautar manyan tsohuwar gwamnati, mutum 55 da aka buga sunayen mafi yawansu a jikin karta. An san danginsu, an san garuruwansu. Sai dai kafin a kama Saddam, yaƙin ya riga ya canza kama. A watan Agustan shekarar, wata mota maƙare da bam ta tarwatsa ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Bagadaza, mutum 22 suka mutu. Mutanen Abu Mus'ab al-Zarƙawi ne suka kai harin, waɗanda daga baya aka sani da Alƙa'ida a Iraƙi.

Waɗannan ba su da bariki, ba su da kaki. Ƙananan gungu ne da suke haɗuwa ta wayar salula da intanet, su kai hari, su watse, su sake gida kafin gari ya waye. Janar Stanley McChrystal, wanda ya karɓi ragamar JSOC a 2003, ya tarar da dakarunsa sun fi abokan gaba horo da makamai nesa ba kusa ba, amma kullum a baya suke isowa.

Dalilin yana cikin gida. Idan dakaru suka kai samame da dare, sukan kwaso takardu da wayoyi da kwamfutoci, a zuba a buhuna a tura baya. Can za su yi kwanaki ba a buɗe ba, saboda masu fassarar Larabci da masu nazari sun yi kaɗan. Bayanin leƙen asiri kuwa kamar ɗanyen kifi ne, in ya kwana ya lalace. Ga kuma tsohuwar ƙa'idar da aka gada daga zamanin yaƙin cacar baka, wadda ta ce ba a nuna wa jami'i sirri sai an tabbatar aikinsa yana buƙatarsa. Hukumar CIA tana riƙe da nata, NSA mai sauraron wayoyi tana riƙe da nata, FBI ma haka. Matsalar ita ce, in aiki yana canzawa kowace rana, ba wanda ya san wa zai buƙaci wane bayani gobe.

A 2004 McChrystal ya mai da hedikwatarsa sansanin jiragen sama na Balad, arewa da Bagadaza. Ya sa aka haɗa dakaru da masu nazari da wakilan hukumomin leƙen asiri a babban ɗaki guda, ba bango tsakaninsu. Ya ɗauki wasu daga cikin gwanayen jami'ansa ya tura su zama a ofisoshin wasu hukumomi da ofisoshin jakadanci, domin a san fuskar juna, a yarda da juna. Sannan ya faɗaɗa taron bidiyo na kullum mai tsawon minti 90, har masu shigarsa daga sassan duniya suka kai wajen 7,000. A wurin, ƙaramin mai nazari yakan faɗi abin da ya gano, janar da soja mai gadin dare su ji a lokaci guda. Da yake kowa ya san halin da ake ciki, an sakar wa ƙananan kwamandoji mara su yanke shawara ba tare da jiran izini daga sama ba.

Sakamakon ya bayyana a lissafi. A 2004 samamen rundunar ba ya kai ashirin a wata. A 2006 ya kai kusan 300. Wayar da aka ƙwace da tsakar dare takan kai dakaru gida na biyu da na uku kafin asuba. A ranar 7 ga Yuni 2006, bayan an yi makonni ana bin sawun malamin Zarƙawi ta sama, jirgin F-16 ya jefa bama-bamai biyu kan gidan da Zarƙawi yake kusa da Baƙuba, ya mutu.

Da McChrystal ya koma Afganistan a 2009, ya tarar da ƙasashe sama da arba'in suna yaƙi tare, kowace da nata layin sadarwa na sirri. A 2010 aka haɗa su a kan layi ɗaya na aikin Afganistan, wanda ƙungiyar NATO ta ɗora tsarinta na yanzu a kansa.

Buɗe ƙofa kuma yana da farashi. A wannan shekara ta 2010, wani ƙaramin soja mai nazari a Iraƙi, Manning, ya kwashe bayanai daga layin sirri na SIPRNet ya miƙa wa shafin WikiLeaks, ciki har da wasiƙun jakadanci sama da 250,000. Daga baya aka hana amfani da filashi da faifai a kan layin. Saurin samame ma bai wanke rundunar daga zargi ba: a 2006 ƙungiyar Human Rights Watch ta wallafa shaidar sojoji kan azabtar da fursunoni a sansanin Nama da ke filin jirgin Bagadaza.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, saurin labari ya karya ƙungiyar Zarƙawi amma bai magance rikicin siyasa tsakanin Sunni da Shi'a da ya ba ta wurin zama ba. Sojojin Amurka sun fice a ƙarshen 2011. A watan Yunin 2014, ragowar ƙungiyar, da sabon suna ISIS, suka ƙwace birnin Mosul.