Emil Jannings, jarumin da ya yi magana da kafaɗunsa

A shekarar 1924 kamfanin UFA na Jamus ya fitar da fim mai suna Der letzte Mann, wanda F. W. Murnau ya ba da umarni. A wancan zamanin fim ba ya magana, sai dai a riƙa sako rubutu a allo don 'yan kallo su san abin da ake faɗa. To wannan fim ko rubutun ma kusan babu. Nauyin labarin duka a wuyan mutum ɗaya yake, Emil Jannings.

Ya fito a matsayin dattijo mai tsaron ƙofar wani babban otal, sanye da doguwar kwat mai maɓallai masu walƙiya. A unguwar talakawan da yake zaune, kwat ɗin nan ita ce darajarsa. In ya dawo da yamma har maƙwabta gaishe shi suke yi. Ran da manaja ya lura ƙarfinsa ya ja baya, aka tuɓe masa kwat aka mayar da shi gadin banɗaki. Nan gwanintar take. Mutumin da ɗazu ke tafiya ƙirji a gaba, yana shafa gashin baki, sai ga shi kafaɗu sun zube, ƙafa na jan ƙasa, hannu na rawa. Da ya sato kwat ɗin don ya shiga unguwa da mutuncinsa, ba ka buƙatar tafinta ya gaya maka yana jin kunya. Shekarunsa arba'in kacal a lokacin, amma duk wanda ya kalla zai rantse tsoho ne tukuf.

An haife shi a 1884 a garin Rorschach na Suwizalan, ya goge a dandalin wasan kwaikwayon Max Reinhardt a Balin, ya yi sarki Louis na 15 da Henry na 8 a fina-finan Ernst Lubitsch. Daga nan kamfanin Paramount ya ɗauke shi zuwa Amurka, kuma a 1929 ya zama mutum na farko da aka ba kyautar Oscar ta gwarzon jarumi, saboda The Way of All Flesh da The Last Command. Sai sauti ya shigo fim, Turancinsa kuwa Jamusanci ya rinjaye shi. Ya tattara ya koma Jamus, inda ya fito da Marlene Dietrich a Der blaue Engel a 1930.

Abin da ya biyo baya ne ke ɓata wa mai son aikinsa rai. Da Hitler ya hau mulki a 1933, jarumi Conrad Veidt ya bar Jamus tare da matarsa Bayahudiya, Dietrich kuma ta ƙi komawa daga Amurka. Jannings ya zauna, ya karɓi lambar girma daga Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya ja ragamar fina-finan farfaganda irin su Ohm Krüger na 1941. Ba yunwa ta kai shi ba, ba kuma rashin suna ba, shi ya sa ban ga uzurin da za a yi masa ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashen ƙawance suka hana shi aiki. Ya mutu ranar 2 ga Janairun 1950 a Strobl ta ƙasar Ostiriya, bai ƙara fitowa a fim ba.