Ciwon da ya ci ƙafafun sojoji a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya

1/ A hunturun 1914 zuwa 1915 kaɗai, sojojin Birtaniya sama da 20,000 aka yi wa jinyar wani ciwon ƙafa. Babu harsashi a ciki, babu bam. Ruwa ne da sanyi da takalmin da ba a cirewa. Ku biyo ni, don labarin nan ya shafi duk gidan da ke da mai ciwon suga. 🧵

2/ Yaƙin ya ɓarke a tsakiyar 1914. Kafin shekarar ta ƙare, Jamus tana gefe, Faransa da Birtaniya da Beljiyam suna ɗaya gefen, kowa ya kasa ture kowa. Sai kowane ɓangare ya haƙa ramuka ya shige, tun daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, kimanin kilomita 700.

3/ Matsalar ita ce yankin Flanders, inda sojojin Birtaniya da yawa suke, ƙasa ce kwance mai ruwa kusa, kamar fadama. Ka haƙa kaɗan ruwa ya ɓulɓulo, ga na sama kuma yana zuba. Ramin da aka haƙa don guje wa harsashi sai ya koma kwatami mai caɓi, wani wurin har gwiwa.

4/ A nan soja zai yi kwanaki, yawanci a tsaye ko a tsugune, ba ya motsi sosai. Takalmin fata a ɗaure tam, safa a jiƙe, ga wani dogon ƙyalle da suke naɗewa daga idon sawu zuwa gwiwa. In ƙyallen nan ya jiƙa sai ya ƙara matse ƙafar.

5/ Ga abin da ke faruwa a ciki. In ƙafa ta daɗe cikin sanyi da danshi, ƙananan jijiyoyin jini suna tsukewa don jiki ya riƙe ɗuminsa. Jini ya ragu, nama ya rasa iska da abinci, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa su fara lalacewa. Ba sai ruwan ya zama ƙanƙara ba fa. Ko a digiri 10 ko 15 yana faruwa.

6/ Abin tsoron kenan: da farko ƙafar ba ta ciwo. Sagewa take yi. Mutum ya ji kamar yana taka auduga, ko kamar ƙafar ba tasa ba ce. To sojan da bama-bamai ke sauka kusa da shi, ina zai damu da ƙafar da ta yi shiru?

7/ Sai ranar da aka cire takalmi. Ƙafa ta kumbura, fata ta yi fari ta yamushe. Da ta fara ɗumi sai ta yi ja, raɗaɗi ya taso kamar an ɗora garwashi. Daga nan bororo, sai gyambo. In abin ya yi nisa yatsu su yi baƙi, nama ya ruɓe, dole a yanke. Turawan Ingila suka sa masa suna trench foot, wato ciwon ƙafar rami.

8/ Kuma ba sabon abu ba ne. Dominique Jean Larrey, babban likitan tiyata na rundunar Napoleon, ya bayyana irinsa a jikin sojojin da suka janye daga Rasha a 1812. Shekara ɗari da 'yan kai tsakani, amma aka shiga 1914 kamar ba a taɓa jin labarin ba.

9/ Likitoci ma sai da suka yi gardama. Wasu suka ce ƙanƙara ce ta ci ƙafar, wasu a Faransa suka ce wata ƙwayar cuta ce da ke cikin laka. Wasu manyan sojoji kuwa zargi suka yi, wai da gangan yaran suke sakaci don a ɗauke su daga bakin daga.

10/ Abin da ya rage shi bai fito daga kwalbar magani ba. An shimfiɗa katako a ƙasan ramuka, an yi ƙoƙarin kwashe ruwa, an raba dogayen takalman roba. An umarci soja ya riƙe safa uku yana canzawa kullum, ya busar da ƙafa, ya shafe ta da man ƙatuwar dabbar nan ta teku, whale.

11/ Amma dabarar da ta fi burge ni ita ce: an haɗa sojoji biyu-biyu, kowa shi ne mai kula da ƙafar abokinsa. Hafsoshi kuma aka ɗora musu duba ƙafafun yaransu. In ciwon ya yi yawa a wata runduna, shugabanta ake tuhuma da sakaci.

12/ Ku lura da hikimar. Ko man ne ya yi aiki ko ba shi ba, kafin ka shafa dole ka cire takalmi ka kalli ƙafar. Kuma tunda mai ƙafar ba ya jin komai, ga gajiya, ba a bar masa hukuncin ba. An kawo ido ya maye gurbin zafin da ya ɓace. Daga nan adadin masu kamuwa ya faɗi sosai.

13/ 'Yan Afirka ma abin bai bar su ba. Faransa ta ɗebi dakaru daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka, duk ta kira su 'yan Senegal. Saboda sanyi akan kai su kudancin Faransa su yi hunturu. A harin Chemin des Dames na Afrilun 1917 an mayar da su daga cikin ruwa da sanyi, da yawansu ƙafafunsu suka daskare.

14/ Za ka ɗauka an koyi darasi ko? Ina. A ƙarshen 1944 zuwa farkon 1945 dubban sojojin Amurka a Turai suka kwanta da irin wannan ciwo. A 1982 ya sake bayyana a yaƙin tsibiran Falkland tsakanin Birtaniya da Ajantina. Duk lokacin da aka daina duba ƙafa, sai ya dawo.

15/ Na san wani zai ce, mu da muke fama da zafi ina ruwanmu? To a Biyetnam babu ƙanƙara, amma sojojin Amurka da suka yi kwanaki cikin gonakin shinkafa sun gamu da ɗan'uwansa na ruwan ɗumi: tafin ƙafa ya yi fari, ya yamushe, taka ƙasa ya gagara. Shi dai yakan warke in an samu 'yan kwanaki a bushe.

16/ Wannan kam namu ne. Manomin shinkafa, mai wankin mota, wanda ambaliya ta tsare kwanaki cikin ruwa. Fatar da ta jiƙe ta daɗe ba ta da ƙarfi, nan take tsagewa, cin ruwa ya kama tsakanin yatsu, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

17/ Amma wanda labarin ya fi shafa shi ne mai ciwon suga. Suga in ya daɗe yana hawa, abu biyun nan yake taɓawa: jinin da ke zuwa ƙafa da jijiyoyin jin zafi. Baba zai taka ƙusa ko garwashi, ko takalmi ya ci masa dunduniya, ya yi kwanaki bai sani ba. Yawancin ƙafafun da ake yankewa saboda suga, da ɗan ƙaramin gyambo suka fara.

18/ Don haka ku aro dabarar ramin. In akwai mai suga a gida, wani ya zama abokin ƙafarsa. A duba kullum: tafi, dunduniya, tsakanin yatsu. In shi kaɗai ne, madubi ya isa. Bayan wanka ko alwala a goge tsakanin yatsu. Kar a yi tafiya ba takalmi, kuma a kakkaɓe shi kafin a sa.

19/ Abubuwan da ba a yi: kar a yanke kanta da reza, kar a miƙa ƙafar ga mai yankan farce na bakin hanya, kar a tsoma ta a ruwan zafi ko a kanga ta a wuta lokacin hunturu. Ƙafar da ta sage ba za ta gaya maka tana ƙonewa ba.

20/ Ba kowane abu ne na asibiti ba. Kaushi da faso marar jini, wanki da man shafawa kan isa. Cin ruwa yakan ji maganin shafawa na kemis, in ana busar da wurin. Amma in an yi mako biyu zuwa huɗu babu sauƙi, a je a gani.

21/ Waɗannan kuwa ba a jira:
• yatsa ko fata ta koma baƙi ko shuɗi
• kumburi da zafi da mugunya ko wari, musamman da zazzaɓi
• ƙafa ta sage, ko ɗaya ta fi ɗaya sanyi
• gyambon da ya ƙi warkewa
• farce ya shige nama ya fara ruwa
Mai suga kuwa, kowane irin rauni ne, a kai shi yau, ko gobe da safe.

22/ Likitan da ya ƙware a ƙafa kaɗai ba ko'ina ake samunsa ba, amma kar wannan ya hana ku. A fara da asibiti mafi kusa ko ɓangaren masu suga. Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi da siririn zaren roba don a ga ko tafin ƙafa yana ji. Mai suga ya nemi a duba masa aƙalla sau ɗaya a shekara.

23/ Mun saba cewa in ba ya ciwo, da sauƙi. Sojojin 1914 da ƙafafunsu suka biya kuɗin wannan tunanin. In Mama ko Baba na da suga, daren nan ka haska fitilar wayarka ka duba musu ƙafa. Minti biyu ne. Ka kuma tura wa wanda ka san zai amfana.