Yadda Babur Ya Gaji Kwalliyar Doki a Tambuwal da Kebbe

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Tambuwal ranar kasuwa, kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, zai ga babura jere kamar dawakin hawan salla. Wani an shimfiɗa masa darduma a kan kujera, wani an rataya masa tuntaye a ƙaho, wani ya sha madubai har huɗu. Akwai kuma wanda ya shekara a hannun mai shi amma ledar kamfani tana nan jikinsa, don kada a ce ya tsufa.

A ganina wannan ado ya girmi babur ɗin kansa. Ƙasar nan ƙasar mahaya ce, makwabciyar Gwandu, inda ake auna darajar mutum da sirdinsa da jalalarsa da linzaminsa. Da doki ya yi wa talaka nisa, sai kwalliyar ta sauka kan keken Raleigh, daga nan ta hau babur.

Babur ya fara yawaita ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga aljihun ma'aikata. Malaman makaranta da malaman gona suka sayi Vespa da Honda da Suzuki. A wancan zamani abin hawa ne na mai albashi, ba na neman abinci ba. Shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986 shi ya juya lamarin. Naira ta faɗi, mota ta gagari mutane, masu babur suka fara ɗaukar fasinja. Kanawa suka ce acaɓa, mutanen kudu suka ce okada, Sakkwatawa suka ce kabu-kabu.

Sai ga Jincheng daga Sin da araha, bayanta Bajaj ta Indiya, mai jure rami da yashi. Tun daga 1999 'yan siyasa kuma suka mai da babur kyautar yaƙin neman zaɓe. A Kebbe, inda ƙauyuka da dama ba su san kwalta ba, shi ne motar asibiti, shi ne jakin kai buhun gero kasuwa, shi ne ɗan rakiyar amarya. Sukuwar da samari ke yi a da ranar ɗaurin aure ta koma wasan babur, abin da ya karya ƙafafu masu yawa, kuma ba na cikin masu yaba shi.

Mahayin ma yana da shigarsa: jaket ɗin gwanjo, baƙin tabarau, hular sanyi, da ƙyallen rufe hanci saboda ƙurar hunturu. Jikin tanki kuwa allo ne. Wanda ya je Kano ya kan dawo da sitika da hotunan 'yan wasan Hausa, har da mujallar Fim da aka fara bugawa a 1999. Wani ya manna hoton malaminsa, wani tambarin Arsenal ko Chelsea, wani ya rubuta addu'a a bayan lamba.

Yau wannan abin alfahari ya shiga tsaka mai wuya. 'Yan bindiga sun mai da babur abin kai hari, har jin ƙarar injin da dare ya zama abin fargaba a ƙauye. A 2021 gwamnatin jihar Sakkwato ta Aminu Waziri Tambuwal ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita goyo a kan babur. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ƙara wa ɗan kabu-kabu nauyi, ga kuɗin da zai kai wa mai babur kowace yamma.

Ina roƙon hukuma da sarakunanmu su yi wa masu wannan sana'a rajista ta gaskiya, da lamba da shaida, don a bambance mai neman halaliyarsa da ɓarawon daji.