Tafiyar Hamadar Tenere

Tafiyar Hamadar Tenere ita ce ƙetare yankin rairayi da ke arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, tsakanin duwatsun Azbin daga yamma da garuruwan Kawar daga gabas, a kan raƙuma ko a cikin motoci masu ja da tayoyi huɗu. Tenere ɓangare ne na hamadar Sahara, faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 400,000, kuma a harshen Buzaye kalmar tana nufin fili wanda babu kowa babu komai. Ɗaruruwan shekaru wannan hanya ta haɗa ƙasar Hausa da ma'adinan gishiri na Bilma da Fachi, da kuma garuruwan Libiya. A yau motoci sun karɓe mafi yawan jigilar, amma sharuɗɗan da ayari ya dogara da su tun da can, wato ruwa da jagora da tafiya cikin jama'a, su ne har yanzu ke raba wanda ya isa da wanda ya halaka.

Yanayin ƙasa

Tenere ba rairayi ba ne zalla. Akwai shimfiɗaɗɗen fili mai tauri da tsakuwa wanda mota ke gudu a kai, akwai kuma tuddan rairayi masu jere da juna, musamman tsakanin Fachi da Bilma. Da bazara zafin rana yakan wuce digiri 45 a ma'aunin Selshiyas, da hunturu kuwa sanyin dare yakan sauko kusa da sifiri. Iskar hunturu tana tayar da ƙura ta rufe sawun da aka bari cikin 'yan sa'o'i. Rijiyoyi kaɗan ne, kuma tsakanin wata da wata akan yi tafiyar kilomita fiye da ɗari. Daga Agadas zuwa Bilma akwai tazarar kusan kilomita 600.

Ayarin gishiri

Ayarin da ya fi shahara shi ne na gishiri, wanda Buzaye ke kira taglamt, a wasu littattafai kuma ake kira azalai. Buzayen Kel Ewey na Azbin da Kel Geres na kudu su ne suka fi riƙe shi. Akan tashi bayan damina, wajen watan Oktoba, lokacin da raƙuma suka ƙoshi suka yi ƙarfi. Da yake babu kiwo a cikin Tenere, kowane mai raƙuma yana yankar ciyawa ya ɗaure ta dami-dami, a riƙa ajiye wani kaso a hanya domin a samu na dawowa. Ana tafiya tun safe har cikin dare ba tare da sauka ba, ana ci ana sha a kan tafiya, saboda kowace rana da aka ƙara tana cin ruwa da ciyawa.

Shugaban ayari shi ne madugu, kuma Buzaye ma da wannan kalmar ta Hausa suke kiransa. Da rana yana duba inuwa da yadda iska ta kwantar da rairayi, da dare yana bin taurari. Shi ke faɗin lokacin tashi da na sauka, ba a kuma ja da maganarsa a tsakiyar hamada.

A Fachi da Bilma, inda Barebari da Tubawa ke zaune, ana musayar gero da sauran kayan kudu da gishiri da dabino. Ana samun gishirin ne daga ramukan da ruwan ƙasa ke tsattsafowa, rana ta ƙafar da shi. Akwai beza, wanda mutane ke ci, akwai kuma kantu, wanda ake zubawa a mazubi ya daskare ya yi kama da turmi a kife, nauyinsa wajen kilo 20, ana ba dabbobi su lasa. Bayan ayari ya koma Azbin ya huta, sai ya gangaro kudu zuwa Damargu da Damagaram da ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato. Buzaye kan yi rani a nan, raƙumansu na cin karan gonaki suna bar wa manoma taki, kafin su koma arewa da gero da tufafi gab da faɗuwar damina. Rahotannin Faransawa na farkon ƙarni na 20 sun ambaci ayarin da ya kai raƙuma 20,000.

Kano da fataucin Sahara

Ban da gishiri, akwai babbar hanyar fatake da ta tashi daga Kano ta bi Damagaram da Azbin da Gat da Gadamas har Tarabulus a bakin tekun Bahar Rum, tafiyar watanni. Wata hanyar kuma ta tashi daga Borno ta bi Bilma da Murzuk. Daga Kano ana fitar da baƙin rini, musamman turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, da jemammun fatu da hauren giwa da gashin jimina. Bayi ma suna cikin abin da aka riƙa kora arewa, kuma da yawansu sun mutu da ƙishirwa a hanyar Bilma. Daga arewa ana kawo takarda da alharini da tsakiya da takubba da turare. Larabawan Gadamas sun zauna a cikin birnin Kano, a unguwar da ake kira Dandalin Turawa, suna hada-hada a Kasuwar Kurmi.

Baturen Ingila Hugh Clapperton ya biyo hanyar Bilma zuwa Borno, ya iso Kano a 1824. Bajamushe Heinrich Barth ya ziyarci Agadas a 1850, sannan ya gangaro kudu tare da ayarin gishiri, ya shiga Kano a 1851.

Wannan fatauci ya durƙushe a farkon ƙarni na 20. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, Faransawa sun mamaye Azbin da Kawar, layin dogo kuma ya iso Kano a 1911. Daga nan kai kaya Legas a jirgin ƙasa ya fi kai su Tarabulus a raƙumi arha da sauri. Yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar da Faransawa suka yi sun hallaka mutane da raƙuma masu yawa a Azbin. Ayarin gishiri ya farfaɗo bayan haka, sai dai farin shekarun 1970 da na 1984 ya sake rage garken raƙuma ƙwarai. Har yanzu ana yin sa, amma a ƙananan ƙungiyoyi, manyan motoci kuma suna ɗaukar kaso mai yawa na gishirin.

Shigowar mota

Motocin kamfanin Citroën na Faransa sun ƙetare Sahara daga Aljeriya zuwa Tumbuktu tsakanin ƙarshen 1922 da farkon 1923. A 1959 da 1960 kamfanin Berliet ya tura manyan motoci suka ratsa Tenere, aka kuma kafa turakun ƙarfe a wasu wurare domin nuna hanya. Bayan samun 'yancin Nijar a 1960, Land Rover ta zama motar jami'ai da sojoji, daga baya Toyota Land Cruiser da Hilux suka mamaye hanyar. A Nijar ana kiran irin waɗannan motoci kat-kat.

Akwai wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tilo da ta tsaya kusa da wata rijiya a hanyar Bilma, wadda ayari ke ɗauka a matsayin alama kuma ba a saran ta. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. An kai gangar jikinta gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya riƙa bi ta Agadas da Tenere, abin da ya jawo masu yawon buɗe ido daga Turai. Buzaye da dama sun zama direbobi da masu jagora, cikinsu har da Mano Dayak, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1995. Hukumar UNESCO ta sanya gandun Azbin da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya a 1991, ta ƙara tsohon garin Agadas a 2013. Tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikatan ƙasashen waje a Arlit a 2010, sun kusa kashe wannan sana'a. Direbobi da yawa sun koma jigilar fasinja zuwa Libiya, ko zuwa wuraren haƙar zinariya da aka gano a Jado da Cibarakaten a 2014.

Hanyoyin yau

Matafiyi daga Kano yakan bi ta Daura zuwa Matamaye da Damagaram. Mai tasowa daga gabashin jihar, kamar Gaya da Ajingi, yana iya bi ta Gumel da Maigatari. Daga Damagaram hanya ta miƙe arewa ta Tanut zuwa Agadas. A nan ta rabu biyu. Ɗaya ta nufi Arlit da Asamaka zuwa Tamanrasat a Aljeriya. Ɗayar ta shiga Tenere zuwa Dirku, sannan Segedin da Madama da Tummo a kan iyaka, har Gatrun da Sabha a Libiya. Wannan ta biyun ba ta da kwalta. An daɗe da al'adar motoci su taru su bar Agadas cikin jerin gwano da rakiyar sojoji, saboda 'yan fashi.

Hilux guda takan ɗauki mutum 20 zuwa 25 a baya, suna zaune a kan kaya ƙafafu a waje, kowa na riƙe da sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo. Manyan motocin kaya sun fi jinkiri, suna ɗaukar buhuna da jarkoki da fasinja a can ƙololuwa.

Dabarun tuƙi da guzuri

Motar da injinta ke juya tayoyin gaba da na baya gaba ɗaya ta fi jure rairayi, domin nauyin ja ya rabu huɗu. Kafin shiga yashi mai laushi direba yana rage iskar taya, tayar ta baje ta daina nutsewa, idan ya fito wuri mai duwatsu kuma ya mayar da iskar don kada ta fashe. Sanyin safiya ya fi daɗin tuƙi, saboda rairayi ya fi tauri kuma inji bai cika zafi ba. Idan mota ta kafe, ci gaba da taka totur yana ƙara binne ta ne. Sai a sauke fasinja, a haƙe gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa faranti na ƙarfe, a tura.

Rairayi yana shan mai fiye da kwalta nesa ba kusa ba, don haka ana ɗaukar man da ya zarce lissafin tazara. Ana kuma ɗaukar tayoyin safaya fiye da ɗaya, da famfon iska, da bel da matatar mai, da ruwan lagireto dabam da na sha. Fasinja kan naɗe jarkarsa da buhun algarara ya jiƙa shi domin ruwan ya yi sanyi, kamar yadda salka ke yi wa mai raƙumi. Direbobi da yawa suna riƙe na'urar GPS da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya, domin babu sabis na wayar salula a mafi yawan hanyar.

Haɗari

Ayarin raƙuma yana tafiya a hankali, amma idan raƙumi ɗaya ya faɗi akan raba kayansa a ci gaba. Mota kuwa tana kai mutane cikin yini guda inda ƙafa ba za ta iya fitar da su ba, kuma guzurin ruwanta na kwanaki kaɗan ne. Idan ta lalace ita kaɗai, mutum ba ya wuce kwana biyu zuwa uku babu ruwa a zafin bazara. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a tafi da mota biyu ko fiye, a sanar da wani hanyar da za a bi da ranar isa, idan an lalace kuma a zauna kusa da motar a inuwa, domin ta fi mutum sauƙin hangowa.

A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motoci biyu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram. A tsakiyar 2017 mutum 44, akasari 'yan Gana da Najeriya, sun mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku.

A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita sosai a 2016, aka kama direbobi aka ƙwace motoci. Masu bincike da ƙungiyoyin agaji sun nuna cewa wannan ya sa direbobi kauce wa rijiyoyi da shingayen jami'an tsaro, suna bin hanyoyin da ba a sani ba, wani lokaci su zubar da fasinja su gudu. Gwamnatin soja ta Janar Abdurrahman Tchiani ta soke dokar a watan Nuwamba na 2023. A ɓangaren Aljeriya kuma, akan sauke mutanen da aka koro a kan iyaka, su taka wajen kilomita 15 zuwa Asamaka. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya tana aikin nema da ceto a yankin.

A wasu ƙasashe

Tsakiyar Ostareliya ta bi irin wannan sauyi. A ƙarni na 19 an shigo da raƙuma da masu kora su daga Afganistan da yankunan Indiya na lokacin, suka riƙa jigila har jirgin ƙasa da mota suka maye gurbinsu. A yau masu yawon shaƙatawa ne ke bin tsoffin hanyoyin a motoci masu ja da tayoyi huɗu, wasu na jan ɗakin kwana mai taya. Hanyar Canning, mai tsawon kusan kilomita 1,850, an shata ta ne bisa jerin rijiyoyi 51. Bambancin shi ne, mafi yawan masu ƙetare Tenere neman abinci ne ya fito da su, ba su ne ke zaɓen motar da za su hau ko yawan ruwan da za a ɗauka ba.