Dankalin Turawa da Hanyar Falgore

Dankalin nan da muke soyawa a kasko da albasa da attaruhu, a ajiye shi gefen shinkafar dare ko a haɗa da ƙwai lokacin buɗa-baki, baƙo ne a gidajenmu. Asalinsa tsaunukan Andes ne, a Kudancin Amurka. Mutanen Sifaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga baya Turawan mishan da masu haƙar kuza suka shigo da shi Filato, inda sanyi ya karɓe shi. Zafin Kano bai yi masa ba. Shi ya sa har yau mafi yawan wanda muke saya daga Bokkos da Mangu yake fitowa, kuma hanyarsa ta ƙofarmu ta bi: motoci su baro Saminaka, su ratsa Doguwa da dajin Falgore, su wuce Tudun Wada, su ɓullo Kwanar Dangora.

Abin dariya, wanda muke kira dankalin Hausa shi ma can ne tushensa. Riga zuwa kawai ya yi, har ya zama ɗan gida.

'Yan ƙasa na ainihi su ne rizga da tumuku, waɗanda kakanninmu suka sani tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Dafa su aka fi yi, ba suya ba, kuma ƙananan ne, ɓarewarsu sai mai haƙuri. A ganinmu nan kasko ya kayar da su. Yaron Kiru ko Bebeji ya san soyayyen dankali sarai, amma ka ce masa tumuku, sai ya waiwayi kakarsa.