Fayil ɗin Docker Compose

Fayil ɗin Docker Compose rubutaccen tsari ne da ake bayyana yadda kwantenoni da yawa za su haɗu su yi aiki a matsayin manhaja ɗaya. A fannin kwamfuta, kwantena wani keɓaɓɓen muhalli ne da ke ɗauke da manhaja tare da duk abin da take buƙata don ta yi aiki. Yawancin shafukan intanet ba kwantena ɗaya ke riƙe da su ba: akwai ta shafin, akwai ta rumbun bayanai, wani lokaci da ta uku mai karɓar baƙi tana raba musu hanya. Maimakon a tayar da su ɗaya bayan ɗaya, sai a rubuta bayaninsu a fayil guda, a tayar da su gaba ɗaya da umarnin docker compose up.

Tarihi

Asalin Compose wata manhaja ce mai suna Fig, ta kamfanin Orchard da ke Landan. Docker ya sayi kamfanin a shekarar 2014, daga baya aka sauya wa manhajar suna. A tsarin farko, ana jera sunayen kwantenoni kai tsaye a saman fayil, kuma sai an haɗa su da kalmar links kafin ɗaya ta san da zaman ɗaya.

Tsari na 2 ya fito a farkon 2016 tare da Compose 1.6, kuma shi ya kawo sauyin da ake amfani da shi har yau. An kasa fayil gida uku: services na kwantenoni, networks na hanyoyin sadarwa, volumes na ma'ajiyar bayanai. Tsari na 3 ya biyo baya a farkon 2017 domin Swarm, wato tafiyar da kwantenoni a kan kwamfutoci da yawa. Lambar ta rikitar da mutane, don an ɗauka 3 ya fi 2, alhali an cire masa abubuwa masu amfani kamar extends da volumes_from. A 2020 aka haɗe tsarukan biyu cikin ƙa'ida ɗaya mai suna Compose Specification. Tun daga nan layin version bai da wani aiki. Sabuwar manhajar gargaɗi kawai take yi cewa an daina amfani da shi. Sunan da aka fi so yanzu shi ne compose.yaml, amma docker-compose.yml na nan yana aiki.

Yadda yake aiki

Ga misalin shafin WordPress da rumbun bayanansa, an taƙaita shi ba a sa kalmar sirri ba:

```
services:
  shafi:
    image: wordpress
    ports:
      - "8080:80"
    environment:
      WORDPRESS_DB_HOST: rumbu
    depends_on:
      - rumbu
  rumbu:
    image: mariadb
    volumes:
      - ajiya:/var/lib/mysql
volumes:
  ajiya:
```

Abin lura shi ne babu adireshin IP ko ɗaya a ciki. Compose yana buɗe wa kowane aiki hanyar sadarwa tasa, kuma sunan kwantena shi ne adireshinta a wannan hanyar. Shafi yana kiran rumbu da sunansa kawai ya same shi. Rumbun kuwa ba a buɗe masa ƙofa zuwa waje ba, don haka mai shigowa daga intanet ba zai kai gare shi kai tsaye ba. Ƙofa ta 8080 kaɗai aka buɗe, ita ke kai baƙo ƙofa ta 80 a cikin kwantenar shafi.

Inda ake yawan tuntuɓe

Ana rubuta fayil ɗin da YAML, inda filin da aka bari a farkon layi ke nuna abin da ke ƙarƙashin wani. Ba a yarda da maɓallin Tab wajen barin wannan fili ba. Lambobin ƙofa kuma gara a sa su cikin alamar zance, domin tsohuwar ƙa'idar YAML tana iya karanta 22:22 a matsayin lamba ɗaya a lissafin sittin-sittin, irin na agogo.

Kalmar depends_on tana yaudarar masu koyo sosai. Abin da take yi shi ne tayar da rumbu kafin shafi, amma ba ta jiran rumbun ya gama shiri. Shafin na iya tashi ya nemi bayanai bai samu ba, ya faɗi. Maganinsa a sa wa rumbu healthcheck, sannan a rubuta sharaɗin service_healthy. Wannan sharaɗi ya shigo a tsari na 2.1, aka cire shi a na 3, ya dawo a haɗaɗɗiyar ƙa'ida, shi ya sa darussan da ke intanet suke saɓa wa juna a kansa.

Kuskure mafi tsada yana wajen ajiya. Abin da aka rubuta cikin kwantena yana tafiya da ita idan aka goge ta, sai wanda aka ajiye a volumes. Umarnin docker compose down yana cire kwantenoni da hanyar sadarwa ya bar ma'ajiyar da aka sa wa suna. Idan aka ƙara masa -v, har ma'ajiyar zai goge, da duk rubuce-rubucen shafin da sunayen masu rajista, kuma babu hanyar dawo da su sai in an yi kwafi tun farko.