Kiɗan Ban Kwana: Yadda Haydn Ya Kai Kuka Gaban Yarima

A shekarar 1761 Joseph Haydn ya kama aiki a gidan sarautar Esterházy, ɗaya daga cikin gidajen da suka fi dukiya a ƙasar Hangari. Takardar aikinsa ta fayyace matsayinsa: zai sa tufafin barorin gida, ya bayyana kullum don jin ko yarima na son kiɗa, kuma duk abin da ya tsara mallakar ubangidansa ne.

Yarima Nikolaus, wanda ya gaji gidan a 1762, ya gina katafariyar fada mai suna Eszterháza a wata fadama nesa da gari. Tana da ɗakuna 126 da zauren wasanni, har ana kwatanta ta da fadar Versailles ta Faransa. Don zaman lokacin zafi aka gina ta, amma yarima ya shaƙu da ita. Makaɗansa kuwa an tilasta wa yawancinsu barin matansu a garin Eisenstadt, tafiyar kusan yini guda. A 1772 zaman ya yi tsawo, suka kai wa Haydn kuka, tunda shi ne shugabansu.

Bara ba ya duban ubangidansa ya ce masa lokacin tafiya ya yi, sai dai in ya gaji da cin abincin gidan. Haydn ya tsara sabon kiɗa, wanda yau ake kira na 45 a jerin manyan kaɗe-kaɗensa. Da aka zo ƙarshensa, sai makaɗa suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya: kowa ya gama nasa, ya hure kyandirinsa, ya fice. Aka bar masu goge biyu kaɗai cikin duhu-duhu. Kamar yadda Haydn ya ba da labari bayan ya tsufa, yarima ya gane hannunka-mai-sandan, washegari ya ba da umarnin komawa gida.

Dabarar ta yi aiki ne domin ta bar wa yarima girmansa. Ba wanda ya ƙalubalance shi a bainar jama'a, hukuncin ya fito daga bakinsa kamar shi ya ga dama. Sai dai abin da makaɗan suka samu alfarma ce, kuma mai bayarwa na iya janye ta. Da Nikolaus ya rasu a 1790, ɗansa Anton ya sallami yawancinsu. Haydn ya tafi Landan, inda jama'a ke biyan kuɗin shiga don sauraronsa.